Wane firamwok ya dace da manhajar gyaran wiki a cikin burauza?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu uku ne muke shirin gina manhajar gyaran shafukan wiki wadda za ta yi aiki a cikin burauza. Wikin namu a kan MediaWiki yake, manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta, kuma yawancin shafukansa da Hausa ne. Ɗayanmu ya iya React, ɗaya ya fi son Vue, ni kuwa jQuery na sani. Wane firamwok, wato ginshiƙin JavaScript da ake gina fuskar manhaja a kansa, ya kamata mu ɗauka, kuma me zai ba mu wahala a gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Idan manhajar a cikin shafin wikin za ta zauna, ku ɗauki Vue 3 tare da Codex, tarin kayan fuska da Wikimedia ta gina a kan Vue. Idan kuma a wani adireshi na daban za ta zauna tana magana da wikin daga nesa, ku ɗauki wanda ya fi kwanciya a hannun mutumin da zai daɗe yana kula da ita, React ne ko Vue. Amma ko wanne kuka ɗauka, kada ku bar shi ya taɓa filin da ake rubutu a ciki. Wannan filin na injin rubutu ne, CodeMirror ko ProseMirror, kuma zaɓen injin ya fi zaɓen firamwok nauyi nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa wurin zaman manhajar ya zo a gaba shi ne, MediaWiki yana da nasa tsarin raba JavaScript da CSS, wato ResourceLoader, wanda ya shigo tun zubin 1.17 a 2011. Duk abin da zai gudana a cikin shafi, gajet ne (ɗan kod da ake ajiyewa a shafin wiki) ko ƙari da aka girka a saba (kwamfutar da wikin yake zaune a kai), ta hannunsa yake bi. ResourceLoader bai san JSX, salon rubutun React, ba, bai san TypeScript ba. Idan kuka dage a kan React, sai kun harhaɗa kod ɗinku da Vite ko makamancinsa, ku ɗora fayil ɗin da ya fito a wikin, fayil ɗin da babu mai iya karantawa balle ya gyara, sannan kowane mai gyara ya sauke React a kan jQuery da sauran abin da shafin ya riga ya ɗora masa. Vue kuwa yana cikin MediaWiki tun zubin 1.35 na 2020, kuma a 2021 Gidauniyar Wikimedia ta sanar da shi a matsayin firamwok ɗin da za ta riƙa gina sababbin abubuwa da shi. Cikin dalilan da aka kafa akwai cewa ana iya aiki da shi ba tare da harhaɗawa ba, ana iya shigar da shi kaɗan-kaɗan cikin tsohon shafi, kuma ba kamfani ɗaya ke juya shi ba. Kuna kiran mw.loader.using da sunayen vue da @wikimedia/codex, ku tayar da manhajar da Vue.createMwApp, shi ke nan. Codex zai ba ku maɓallai, akwatunan tattaunawa, filin bincike mai kawo shawara da sauransu, duk da kamannin wikin, kuma an riga an yi musu aikin rubutun dama-zuwa-hagu da na masu amfani da manhajar karanta allo.

Wannan sauƙin yana da kuɗinsa. Fayilolin .vue da ke bi ta ResourceLoader ba a harhaɗa su tun daga saba, burauzar mai amfani ce ke fassara samfurin zanen a lokacin da shafi ya buɗe. Saboda haka salon script setup da mai son Vue ɗinku ya saba gani a darussan intanet ba zai yi aiki a nan ba, kuma require za ku riƙa rubutawa a maimakon import. Mai fassarar yana dogara da new Function, don haka idan kun tsaurara CSP, ƙa'idar tsaron da ke iyakance kod ɗin da shafi zai gudanar, a sabarku har kuka hana unsafe-eval, manhajar ba za ta tashi ba. Sannan zubin Vue da na Codex ba ku ke zaɓa ba, wanda ya zo da MediaWiki ɗinku shi ne naku. Ku buɗe Special:Version ku ga zubin da kuke kai kafin ku rubuta layi ɗaya, domin tsohon MediaWiki na iya zuwa da Vue 2, wanda aka daina kula da shi a ranar 31 ga Disamba 2023.

Kafin ma a kai nan, ku tambayi kanku ko sabuwar manhaja kuke bukata. Idan abin da kuke so bai wuce maɓallin saka akwatin bayani ko fom na cike madogara ba, WikiEditor, sandar kayan aikin gyaran rubutun wiki, yana karɓar sababbin maɓallai, VisualEditor ma, editan da ke nuna shafi yadda mai karatu zai gan shi, yana karɓar fulogin. Sai dai VisualEditor da OOUI, tsoffin kayan fuskar MediaWiki masu aiki da jQuery, aka gina shi, ba da Vue ba, don haka wanda ya san jQuery a cikinku shi zai fi sakewa a wajen. Aikin mako biyu ne a maimakon na shekara.

Yanzu ga inda mafi yawan irin wannan aiki yake lalacewa. React da Vue duk a kan alkawari ɗaya suke tafiya: kai ka riƙe bayanan, su kuma su zana DOM, wato tsarin ƙwayoyin shafi da burauza ke riƙe da shi, daidai da bayanan, kuma suna ɗauka babu mai taɓa DOM ɗin sai su. Filin contenteditable kuwa, wato sashen shafi da aka buɗe don a yi rubutu a ciki, burauza ce ke rubutu a cikinsa kai tsaye. Mutum ya danna harafi, burauza ta saka shi. Ya danna Enter, Chrome ta buɗe div, wata burauzar ta yi nata salon. Ya manna sakin layi daga Word, tarkacen span da style su biyo shi. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Da zarar firamwok ya sake zana filin, sai ya maye gurbin ƙwayar rubutun da sandar rubutu take tsaye a kanta, sandar ta yi tsalle ta koma farkon layi ko ƙarshensa. Wani lokaci kuma React ya je cire wata ƙwaya da burauza ta riga ta cire, ya faɗi da kuskuren removeChild, allon ya koma fari da rubutun mutum a ciki. React da kansa yana yin gargaɗi idan ya ga contentEditable a kan gaɓar da yake kula da 'ya'yanta, kuma mutane da yawa suna rufe bakin gargaɗin da suppressContentEditableWarning su wuce, matsalar kuwa tana nan daram.

A waya abin ya fi muni. Gboard da sauran madannan Android ba sa aiko da harafi ɗaya-ɗaya yadda madannin kwamfuta yake yi. Kalmar da ake kan rubutawa tana zama a buɗe, ana haɗa ta, sai an danna tazara ko an zaɓi shawara sannan a rufe ta. A wannan tsakanin keydown yana kawo lamba 229 a kusan kowane dannawa, ba za ka san wane harafi aka taɓa ba. Idan kod ɗinka ya taɓa DOM kafin compositionend, sanarwar an gama haɗa kalmar, ya iso, sai ka ga kalma ta ninka kanta, ko harafin farko ya ɓace, ko gogewa ta cinye kalmar da ke gaba. Ko a textarea na yau da kullum akwai wannan tarko: v-model na Vue, mai ɗaure fili da bayanai, ba ya sabunta bayanai muddin ana tsakiyar haɗa kalma, haka aka tsara shi da gangan. Don haka filin neman shafi da aka ɗaura da v-model zai yi shiru a wayar Android har sai mutum ya gama kalmar. Maganinsa a ɗaura value da hannu a kuma saurari input kai tsaye.

Injinan rubutu shekaru suka kwashe suna toshe waɗannan ramuka, burauza bayan burauza, kuma mutum uku ba za su maimaita wannan aikin a wata shida ba. Yadda ake haɗa su da firamwok ba shi da wuya. Firamwok ya zana div guda ɗaya fanko, ya miƙa wa injin, daga nan ya cire hannunsa. Rubutun shafin yana zama a cikin injin, ba a kwafe shi zuwa ma'ajiyar bayanan firamwok, Pinia ko Redux, a kowane dannawa. Abin da ke fitowa waje ƙananan labarai ne kawai: an yi canji ko ba a yi ba, sandar tana cikin mahaɗi ko kanun sashe, akwai abin janyewa ko babu. Da su sandar kayan aiki take sanin maɓallin da za ta haska. Idan aka danna maɓalli, umarni ake aika wa injin, shi ya yi canjin.

A Vue akwai kuskure ɗaya da ake yawan yi a nan: a ajiye injin a cikin ref ko data. Vue 3 yana naɗe duk abin da aka ba shi da Proxy har can ciki don ya sa ido kan canji. Injin kuwa yana gwada abubuwansa ta hanyar tabbatar da cewa wannan shi ne ainihin wancan, kuma abin da aka naɗe ba ya zama daidai da na asali. Sakamakon shi ne kurakurai marasa kan gado da kuma nauyi. A yi amfani da shallowRef ko markRaw, ko ma a bar shi a canjau (variable) na yau da kullum, a rushe shi a onBeforeUnmount. A React kuma useRef da useEffect ne, tare da aikin sharewa da ke kiran destroy. Tun React 18, StrictMode yana dasa gaɓa sau biyu a lokacin gwaji, don haka wanda ya manta sharewar zai ga editoci biyu, ɗaya a kan ɗaya.

Wane injin? Ya danganta da abin da mai gyara zai gani. Idan rubutun wiki tsantsa zai gani, da alamominsa na == da [[ da {{, CodeMirror 6 ne, ba sai an yi dogon tunani ba. MediaWiki yana da ƙarin CodeMirror mai launa rubutun wiki, kuna iya ginawa a kansa. Yana zana layukan da ke kan allo ne kawai, shi ya sa dogon shafi ba ya kayar da shi, kuma ku tuna MediaWiki yana barin shafi ya kai kilobayit 2048 idan ba a sauya $wgMaxArticleSize ba. Illar wannan dabarar ita ce Ctrl+F na burauza ba ya ganin abin da ba a zana ba, sai kun kunna binciken da ke zuwa da injin. Idan kuma textarea ɗin wikin kawai za ku yi wa ƙari, kada ku rubuta cikin value kai tsaye, domin hakan yana goge tarihin Ctrl+Z. Ku bi ta jquery.textSelection da encapsulateSelection, ita ce ƙofar da sauran kayan gyara na wikin suka sani.

Idan kuwa so kuke mai gyara ya ga shafin kamar yadda mai karatu zai gan shi, to aikin ya ninka sau da yawa, kuma ba a fuska wahalar take ba. Rubutun wiki ba shi da nahawu mai tsafta. Samfuri ɗaya, wato guntun rubutun da ake kira da {{ a shafuka da yawa, yana iya buɗe tebur, wani samfurin ya rufe shi, layukan tsakiya su fito daga na uku. Babu wata ƙaramar laburare ta JavaScript da za ta fassara wannan daidai, kada ku ɓata lokacin nema, kada kuma ku rubuta taku da regex. Wikimedia ta gina Parsoid ne musamman don wannan: yana mayar da rubutun wiki HTML mai ɗauke da bayanan asali a cikin sifofi irin su data-mw da typeof, sannan ya mayar da HTML ɗin rubutun wiki. Da Node.js aka fara rubuta shi, aka mayar da shi PHP, ya shigo cikin MediaWiki a 1.35. Babbar hikimarsa ita ce, wajen mayarwa yana gwada HTML ɗin da kuka dawo da shi da na asali, ya sake rubuta inda aka taɓa kawai, sauran ya bar shi harafi da harafi. Sharaɗin shi ne ku dawo masa da sifofin nan da id na kowace ƙwaya yadda ya ba ku su, tare da lambar zubin da ETag. ProseMirror kuwa yana zubar da duk abin da ba a ambata a tsarin daftarinsa ba. Idan tsarinku bai tanadi wurin ajiye data-mw ba, mutum zai gyara waƙafi ɗaya, bambancin gyaran ya nuna an birkita rabin shafi, ko akwatin bayani ya koma tebur na HTML. Masu sintiri a wiki ba sa yafe wannan. VisualEditor da kansa ya ɗanɗana: an kunna shi ga kowa a Wikipedia ta Turanci a Yuli 2013, kafin ƙarshen Satumba jama'ar wikin sun sa an mayar da shi sai wanda ya nema. Hanyar da ta fi aminci ita ce a ɗauki kowane samfuri, madogara da hoto a matsayin dunƙule guda da ba a rubutu a cikinsa, a ajiye HTML ɗinsa na asali, a gyara ƙimominsa ta akwatin tattaunawa. Wannan akwatin shi ne ainihin inda Vue ko React yake da amfani.

A ganina, ƙungiyar mutum uku ta fara da rubutun wiki tsantsa da samfoti a gefe. Samfotin ma daga saba za a karɓo shi ta action=parse, ba a kowane harafi ba, sai an dakata da rubutu kamar na daƙiƙa ɗaya, ko sai an danna maɓalli.

Idan manhajar a waje za ta zauna, gasa tsakanin firamwok ɗin ba ta da zafi kamar yadda ake yi mata a intanet. React, wanda Facebook ta saki a 2013, ya fi kowa yawan laburare da yawan masu iya shi, kuma Lexical, injin rubutu na kamfanin Meta, ya fi dacewa da shi. Vue ya fi sauƙin shiga ga wanda ya fito daga jQuery da HTML, kuma Codex yana nan a npm, ana iya amfani da shi a wajen wiki. Tiptap, wanda aka gina a kan ProseMirror, yana da mahaɗi na hukuma ga dukansu biyun, sai dai wasu ƙarin nasa na kuɗi ne. Svelte yana fitar da ƙaramin fayil, amma zubi na 5 da ya fito a Oktoba 2024 ya sauya salon rubutu sosai, darussa da yawa sun tsufa. Angular ya yi wa wannan aiki yawa, ga shi ya saba fitar da babban zubi duk wata shida. Outline, manhajar wiki ta kamfanoni, React da ProseMirror ce, editan Confluence na Atlassian ma a kan ProseMirror yake, Wiki.js kuwa Vue ne. Duk suna aiki.

Batun girma: React da react-dom sun haura kilobayit 40 bayan matsewa, Vue bai kai haka ba, Preact bai wuce kamar 4 ba. Amma injin rubutu da kayan fuska sukan fi firamwok ɗin nauyi, don haka ribar da ta fi ita ce kada a ɗora editan sai an danna maɓallin gyara, ta import() ko mw.loader.using. Mai karatu da ke lallaɓa datarsa bai kamata ya biya kuɗin editan da bai buɗe ba.

Abin da ya fi girman fayil muhimmanci shi ne tsawon rai. Wiki yana shekara goma yana aiki, masu sa kai suna zuwa suna tafiya. AngularJS ya mutu a ƙarshen 2021, Vue 2 a ƙarshen 2023, Draft.js an rufe ma'ajiyarsa, kuma duk wanda ya cusa dabarun manhajarsa cikin gaɓoɓin fuska sai da ya sake gini daga tushe. Saboda haka kod ɗin da ke magana da API, da mai ajiye daftari, da mai tace sunayen shafuka, su zauna a fayilolin JavaScript tsantsa da ba su san sunan firamwok ba. Ku duba lasisi ma. Vue, React, ProseMirror, CodeMirror da Lexical duk MIT ne. CKEditor 5 GPL ne ko na kuɗi, TinyMCE kuma ya bar MIT ya koma GPL a zubi na 7 a 2024. Ga ƙarin MediaWiki wannan ba damuwa ba ce, tun da shi ma GPL ne, amma ga manhajar da za a rufe kod ɗinta damuwa ce. Lasisi yana sauyawa: a 2017 sharaɗin haƙƙin ƙirƙira da ke cikin lasisin React ya sa Gidauniyar Apache ta hana amfani da shi a ayyukanta, WordPress ma ta ce za ta bar shi, sai da Facebook ta mayar da shi MIT a Satumbar shekarar.

Ajiye gyara shi ne wurin da babu firamwok ɗin da zai taimake ku. Lokacin buɗe shafi ku riƙe lambar zubin shafin da lokacin da aka fara. Lokacin ajiyewa ku aika action=edit da tokin csrf, da baserevid, da starttimestamp. Idan ba ku aika baserevid ba, gyaran wanda ya riga ku ajiyewa zai iya gogewa babu ko gargaɗi. Shi kuma starttimestamp shi ke gano an share shafin kuna tsakiyar rubutu. Idan ta REST kuka bi, PUT ne zuwa /v1/page/ da sunan shafin, tare da latest.id, kuma karo, wato wani ya riga ku ajiye gyara, yana dawowa da lamba 409. Amsar saba ba nasara ko faɗuwa ba ce kawai: akwai editconflict, akwai badtoken idan zaman mutum ya ƙare, akwai tambayar captcha, akwai gargaɗin AbuseFilter mai tace gyaran ɓarna, akwai shafi mai kariya. Kowanne yana bukatar nasa allon, kuma a dukansu rubutun mutum ya tsaya a inda yake. Action API yana dawo da yawancin kurakuran nan da lamba 200, kuskuren yana cikin JSON, don haka duba response.ok kaɗai bai isa ba. A cikin wiki mw.Api da postWithEditToken sun ɗauke muku rabin wannan. A waje sai OAuth 2.0, hanyar ba manhaja izinin aiki da sunan mutum, kuma manhajar da ke gudana a burauza ba ta da inda za ta ɓoye sirri, sai a yi mata rajista a matsayin marar sirri a yi amfani da PKCE. Dogaro da kukis tsakanin adireshi biyu yana karyewa a Safari. Burauza ba ta barin a sauya User-Agent yadda ake so, don haka Api-User-Agent ake aikawa.

Daftari kuma a riƙa zuba shi a IndexedDB, ma'ajiyar bayanai ta cikin burauza, duk 'yan daƙiƙu, da sunan shafi da lambar zubi a matsayin makulli. localStorage yana cika a wajen megabayit 5, kuma yana tsayar da shafi lokacin da yake rubutu. Android tana kashe shafin burauza da ke baya idan ƙwaƙwalwa ta yi ƙaranci, mutum ya leƙa WhatsApp ya dawo ya tarar da fili fanko. beforeunload ba abin dogaro ba ne a waya, visibilitychange za ku saurara. Duk HTML da bai fito daga mai fassarar wikin ba, musamman abin da aka manna, ya bi ta DOMPurify, mai tsabtace HTML daga kod mai cutarwa, kafin ya kusanci v-html ko dangerouslySetInnerHTML. Gajet yana gudana ne da ikon wanda ya buɗe shi, idan mai gudanarwa ne to da ikon share shafi da toshe mutane.

Tun da shafukanku da Hausa ne, akwai tarkuna uku da darussan waje ba za su faɗa muku ba. Na farko, alamar ɗauri ta 'y. A rubutun wiki alama biyu a jere tana karkata rubutu, uku tana kaurara shi. Idan maɓallinku ya naɗe kalmar 'yan da alama biyu-biyu, farkonta ya zama uku ke nan. MediaWiki yana ƙoƙarin cankar nufinka idan sau ɗaya ne a layi, amma idan kalmomi biyu irin wannan suka haɗu a layi ɗaya, lissafin ya tashi daidai, sai rabin jimla ya fito da kauri. Maɓallin ya duba: idan zaɓin ya fara ko ya ƙare da alamar, ya saka <nowiki/> a tsakani, ko ya rubuta ta da '. Masu rubutun Nijar da ke amfani da ƴ ba su da wannan matsalar. Haka kuma wayoyi suna sauya miƙaƙƙiyar alamar zuwa lanƙwasasshiya, kuma a sunan shafi waɗannan haruffa ne daban, mahaɗin sai ya fito ja alhali shafin yana nan. Ku tsayar da guda ɗaya, editan ya riƙa daidaitawa.

Na biyu, haruffa masu lanƙwasa. Dabarar da aka saba ta normalize('NFD') a cire alamomin sama tana mayar da à zuwa a, amma ba ta taɓa ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, domin a Unicode haruffa ne masu zaman kansu, ba k da ƙari ba. Mai rubuta "kasa" a filin neman mahaɗi ba zai ga "Ƙasa" ba sai kun yi ƙaramin teburin musanya da hannunku. Sunan shafi kuma ku bar wa mw.Title ya daidaita shi, kada ku girmama harafin farko da kanku. Ku sa maɓallan haruffan nan takwas, manya da ƙanana, a sandar kayan aiki, kuma ku hana maɓallin ƙwace sandar rubutu ta hanyar preventDefault a kan mousedown, in ba haka ba madannin waya zai riƙa rufewa yana buɗewa.

Na uku, Ajami. Ko da ba ku da shi yau, ayar Alƙur'ani ko baitin waƙa da haruffan Larabci za su shigo tsakiyar boko. Ku rubuta CSS da margin-inline-start a maimakon margin-left tun daga farko, ku sa dir="auto" a filayen shigarwa. Wasali a Ajami alama ce da ke hawa kan baƙi, don haka length ba ya ba da adadin haruffan da ido ke gani, Intl.Segmenter ne ke ba da shi. MediaWiki yana mayar da rubutu NFC lokacin ajiyewa, saboda haka abin da kuka aika da abin da aka ajiye suna iya bambanta a bayit, kada ku ɗauke shi karo.

Idan har yanzu gardama ba ta mutu ba tsakanin mai React da mai Vue, ku ba su mako ɗaya kowa ya gina abu iri ɗaya: buɗe shafi, CodeMirror a tsakiya, maɓalli uku, akwatin saka mahaɗi mai bincike, da ajiyewa. A gwada da shafin da ya fi kowanne tsawo a wikinku, a kan wayar Android mai ƙwaƙwalwar gigabayit 2 da Gboard, ba a kan kwamfutar mai ginin ba. A DevTools na Chrome a rage gudun na'ura sau 4 ko 6, a rage na intanet. A rubuta sakin layi da sauri a ga ko haruffa suna biyo yatsa. Allo mai sabuntawa sau 60 a daƙiƙa yana ba ku kamar milidaƙiƙa 16 ne a kowane zane. A manna rubutu daga Word da WhatsApp, a danna janyewa sau goma, a kashe data a tsakiyar ajiyewa, a buɗe shafin a taga biyu a jawo karo da gangan. Sannan ku miƙa kod ɗin biyu ga mai jQuery ya ƙara maɓalli na huɗu ba tare da an taya shi ba. Kod ɗin da ya iya ƙarawa a cikinsa kafin la'asar, shi za ku ɗauka.